"Cikin Nawa?": Tarihin Ƙididdiga, Aikin Jinya da Karatu Daga Nesa

Gabatarwa

Duk asibitin da mutum ya shiga, komai ƙanƙantarsa, zai tarar da wani babban littafi a kan teburin ma'aikatan jinya. A cikinsa ake rubuta wanda aka kwantar da wanda aka sallama, da matar da ta haihu da nauyin abin da ta haifa, da yaron da aka yi wa allurar rigakafi, da wanda rai ya yi wa halinsa. Hannun ma'aikaciyar jinya ne ke cika wannan rajista dare da rana, kuma daga cikinta ake tsamo alƙaluman da ake aikawa ƙaramar hukuma, su wuce jiha, su wuce tarayya, har su dangana da Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk da haka, in aka tambayi ɗaliban jinya darasin da suka fi shakka, sau da yawa ƙididdiga za su ambata. Masu tara alƙaluman su ne ke jin tsoronsu.

A 'yan shekarun nan kuma lamarin ya ƙara nauyi. Ma'aikatan jinya da dama da ke neman digiri ba su da halin ajiye aiki da iyali su koma aji, saboda haka suna karatu daga nesa, ta waya ko kwamfuta, bayan sun tashi daga aiki. Masu ɗari-ɗari da wannan tsari suna cewa, darasin da ke gagarar ɗalibi alhali malami na tsaye a kansa, ta yaya zai shiga kai ta gilashin waya? Tambayar tana da ƙarfi, amma waiwaye adon tafiya ne. Wannan maƙala za ta bi sawun abubuwa biyu da suka taso a ƙasa ɗaya kuma a zamani ɗaya, wato ƙididdigar asibiti da karatu ta gidan waya, ta nuna inda suka haɗu. Hujjar da za ta kafa ita ce, tun asali an ƙago ƙididdigar jinya ne domin isar da magana ga wanda ke nesa, don haka nisa bai cika yi mata illa ba. Abin da ke kashe darasin shi ne raba shi da gadon majinyaci.

Asibitin Sukutari

A watan Nuwamba na shekarar 1854, Florence Nightingale ta sauka a Sukutari, wata unguwa da ke tsallaken ruwa daga tsakiyar birnin Istanbul, tare da mata masu jinya 38. Lokacin ana tsakiyar yaƙin Kirimiya, inda Birtaniya da Faransa suka mara wa daular Turkawa baya a karawarta da Rasha. Sojojin Birtaniya da suka ji rauni ko suka kamu da ciwo ana ɗebo su ne a jirgin ruwa, a ƙetare Baƙin Teku da su, a zube su a wani tsohon barikin soja da aka mayar asibiti. Abin da ta tarar ya wuce misali: cunkoso, ƙwarƙwata, ƙarancin sabulu da tufafi, ga rubuce-rubucen asibitin a hargitse, har adadin mamata ma bakin ma'aikata bai zo ɗaya a kansa ba.

Duniya ta fi saninta da mace mai zagaya majinyata da fitila cikin dare. Amma wannan baiwar Allah, wadda aka haifa a 1820, ta taso da son lissafi tun tana yarinya, ta kuma karanta ayyukan Adolphe Quetelet, masanin ƙididdiga na ƙasar Beljiyam wanda ya nuna cewa haihuwa da mutuwa da aikata laifi duk suna bin wani tsari da za a iya aunawa. Don haka bayan wanki da girki da sayo kayan aiki, ta dage kan a riƙa rubuta wanda ya shigo, da abin da ya kawo shi, da yadda ya ƙare.

A watan Fabrairu na 1855, cikin kowane majinyaci ɗari da aka yi wa magani a asibitin, kimanin 42 ne ke mutuwa. A watan Maris gwamnatin Birtaniya ta turo kwamitin tsafta wanda ya ƙunshi likita John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson. Suka tarar an gina barikin a kan toshassun magudanan ƙazanta, har da mushen doki a hanyar ruwan da ake sha. Aka yashe magudanan, aka buɗe hanyoyin iska, aka kwashe shara. Kafin ƙarshen watan Yuni mace-macen sun sauko zuwa kimanin biyu cikin ɗari. Har yau masana tarihi na muhawara kan kason da ya kamata a ba tsaftar, domin a daidai wannan lokaci sanyin hunturu ya wuce, cunkoso ya ragu, abincin sojoji ya inganta. Muhawarar ita kanta darasin ƙididdiga ce: don wani abu ya biyo bayan wani, ba lallai shi kaɗai ne ya jawo shi ba.

Malamin da ke aiko darasi a ambulan

Nightingale ta koma Ingila a 1856 da niyyar sai an binciki abin da ya hallaka sojojin. A wannan shekara ta haɗu da William Farr, likitan da ke tsara alƙaluman mutuwa a babban ofishin rajista na Ingila tun 1839. Ita tana da bayanan filin daga, shi kuma yana da dabarun sarrafa su. Ba da jimawa ba ciwon da ta kwaso a Kirimiya ya kwantar da ita, ta shafe shekaru masu yawa ba ta cika fita daga ɗakinta ba. Mafi yawan aikin da suka yi tare da Farr ta wasiƙa aka yi shi: ta aika jadawali, ya duba ya mayar da gyara, ta sake lissafi ta aika. Idan aka kalli abin da kyau, shahararriyar ma'aikaciyar jinya ta farko da ta ƙware a ƙididdiga ta zurfafa iliminta ne ta hanyar da a yau za mu kira karatu daga nesa.

Lissafin ya fito da abubuwa masu ɗaci. Sojojin Birtaniya kimanin 16,000 ne cututtuka irin su kwalara da atini da taifot suka kashe a yaƙin, ninkin-ba-ninkin waɗanda harsashi da takobi suka kashe. Har a gida Ingila, cikin zaman lafiya, samarin da ke barikin soja suna mutuwa kusan ninki biyu na tsaransu farar hula, alhali sai an tantance lafiyar mutum kafin a ɗauke shi soja.

Sai dai ta san cewa 'yan majalisa da manyan hafsoshi ba za su zauna karanta ɗaruruwan shafuka na jadawali ba. Saboda haka a 1858 ta fitar da zanen da ya shahara da sunanta: da'ira da aka yanka gida goma sha biyu, kowane gida wata guda, girmansa gwargwadon yawan mace-macen watan. Shuɗi na nufin cututtukan da za a iya kaucewa, ja na nufin rauni, baƙi kuma sauran dalilai. Duk wanda ya ɗora ido a kai zai ga yadda shuɗin ya mamaye jan. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma zanen an yi shi ne musamman domin mutanen da ba su taɓa jin warin Sukutari ba. Ta aika shi ga Sarauniya Biktoriya da 'yan majalisa da 'yan jarida. A shekarar ce kuma ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta zaɓe ta mamba, mace ta farko da ta sami wannan matsayi.

Ta ci gaba a kan wannan hanya. Ba ta taɓa taka ƙasar Indiya ba, amma ta taimaka wajen tsara takardun tambayoyi da aka aika wa sansanonin soja kusan 200 a can, ta zauna a ɗakinta ta tace amsoshin. Rahoton da ya fito a 1863 ya nuna cewa sojojin Birtaniya 69 cikin kowane dubu ne ke mutuwa duk shekara a Indiya, mafi yawansu saboda gurɓataccen ruwa da rashin magudanai.

Ranar da gwanaye suka yi tuntuɓe

Adalci ne a faɗi cewa ita da malaminta sun taɓa zamewa. A bugu na uku na littafinta kan asibitoci, wanda ya fito a 1863, ta kawo wani jadawalin Farr da ke nuna cewa a manyan asibitocin Landan guda 24 mace-mace sun kai kimanin 90 cikin ɗari. Adadin ya girgiza jama'a, likitoci kuma suka yi caa a kansa, kuma suna da gaskiya. An ɗauki mutanen da suka mutu a shekara guda cur, aka raba da yawan majinyatan da ke kwance a rana ɗaya tak. Gado ɗaya kuwa yakan karɓi mutane da yawa a shekara, mafi yawansu su warke su tafi gida. Da an raba da dukkan waɗanda aka kwantar a shekarar, da adadin ya faɗo ƙasa warwas.

Wannan tuntuɓe ya fito da tambayar da ita ce ƙashin bayan ƙididdigar lafiya: cikin nawa? A ɗauka, a matsayin misali, asibitin gari ya rasa jarirai 12 a shekara, na ƙauye kuma ya rasa 5. Mai gaggawa zai yanke hukuncin cewa na gari ya fi haɗari. To idan na gari ya karɓi haihuwa 600, na ƙauye kuma 100, lissafin ya juye: biyu cikin ɗari a gari, biyar cikin ɗari a ƙauye. Bayan wannan ma akwai sauran tambaya, domin wataƙila ɗayansu ne ake kai wa matan da naƙuda ta riga ta galabaitar. Ɗalibar da ta iya yin waɗannan tambayoyi ta kama bakin zaren ilimin, ko da ba ta haddace ƙa'idar lissafi ko ɗaya ba.

Makarantar horar da ma'aikatan jinya da Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas na Landan a 1860 ta fi mayar da hankali ne kan tsafta, ɗa'a, lura da majinyaci da rubuta abin da aka gani. Ƙididdiga a matsayin darasi mai zaman kansa sai da ta jira aikin jinya ya shiga jami'a. Ita kanta a 1891 ta yi ƙoƙarin ganin an kafa kujerar farfesan ƙididdiga a Jami'ar Oxford, ta yi musayar wasiƙu da Francis Galton a kan haka, amma abin bai tabbata ba har ta rasu a 1910.

Ilimi a jakar ɗan aike

Yanzu sai mu koma ga ɗaya zaren. A 1840 Birtaniya ta daidaita kuɗin aika wasiƙa: kwabo guda, komai nisan garin da za ta a cikin ƙasar. A wannan shekara Isaac Pitman ya fara koyar da gajeren rubutun nan na sakatarori ta gidan waya. Ɗalibi ya rubuta aikinsa ya aiko, malami ya gyara ya mayar. Abin da ya bambanta wannan da sayen littafi kawai shi ne gyaran, wato akwai wani mutum a can da ke ganin kuskurenka.

A 1858, shekarar da Nightingale ta fitar da zanenta, Jami'ar Landan ta buɗe ƙofar jarrabawarta ga waɗanda ba su zauna a ajinta ba. Mata kuwa sai a 1878 aka yarda su karɓi digirin jami'ar. A Amurka, Anna Eliot Ticknor ta kafa wata ƙungiya a birnin Boston a 1873 wadda ta koyar da dubban mata a gidajensu ta wasiƙa. 'Yan Nijeriya da dama a zamanin mulkin mallaka ta wannan hanya suka yi karatu mai zurfi, suna karɓar darussa daga makarantu irin su Wolsey Hall, suna zana jarrabawar Landan ba tare da sun ƙetare teku ba.

Tunanin kai ilimi ga macen da ba ta iya zuwa makaranta ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta yi zamani da Nightingale. Ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda ake zaɓar dattijuwa a naɗa ta jaji, ta zo ta karɓi karatu, ta koma ta isar wa matan karkara. Darasin yana tafiya, amma yana tafiya ne a bakin mace da ɗalibai suka sani, wadda za su iya tsayarwa su yi mata tambaya.

Aikin jinya da karatu ta gidan waya kuwa ba su fara da jituwa ba. A farkon ƙarni na 20 wasu makarantun kuɗi a Amurka, kamar makarantar jinya ta Chautauqua da ke jihar New York, sun riƙa tallata cewa mace za ta iya zama ma'aikaciyar jinya tana zaune a gida. Shugabannin sana'ar suka yaƙi abin, bisa hujjar cewa ba a koyon juya majinyaci ko ɗaure rauni a takarda. Wannan ƙyama ta daɗe tana bin karatun jinya daga nesa. An fara samun bakin zaren ne bayan da jihar New York ta kafa tsarin digirin waje a 1971, wanda daga baya ya ƙunshi jinya: ɗalibi ya yi karatun littafi a inda yake, amma aikin hannu sai ya nuna shi a asibiti a gaban masu jarrabawa. Da aka raba abin da ke buƙatar hannu da abin da ke buƙatar tunani, sai ya bayyana cewa ƙididdiga na cikin darussan da suka fi dacewa da tafiya nesa.

Inda zaren biyu suka haɗu

Jami'ar Minnesota ta Amurka ta buɗe makarantar jinya a 1909, Jami'ar Yale ta bi baya a 1923, sannan a 1952 aka fara buga mujallar Nursing Research domin binciken da ma'aikatan jinya ke yi da kansu. A Birtaniya, rahoton kwamitin Briggs na 1972 ya ce dole sana'ar ta ginu a kan bincike. A nan gida, Jami'ar Ibadan ta kafa sashen jinya a 1965. Duk inda aka ce bincike kuwa an ce ƙididdiga, domin ba a gane ko sabuwar hanyar wanke rauni ta fi tsohuwa sai an ƙirga an kwatanta. Daga shekarun 1990, lokacin da aka fara dagewa kan cewa kowane magani ya dogara da hujjar bincike, iya karanta alƙaluma ya zama wajibi a kan mai digirin jinya.

Nan ne matsalar ta taso. Mafi yawan ma'aikatan jinya a duniya a makarantun asibiti aka horar da su, suka fito da takardar shaida ko difloma. Idan aka ce duk su koma jami'a, wa zai tsaya da majinyata? Amsar ta zo daga jami'o'in karatu daga gida. Ta Birtaniya ta sami izini a 1969, ta ɗauki ɗalibai kusan 25,000 a 1971, tana koyarwa ta littattafai da rediyo da talabijin na BBC. Abin da ya riƙe ta shi ne kowane ɗalibi yana da malamin yanki da ke gyara masa aiki da dogon sharhi. A shekarun 1980 ta fito da wani kwas na ƙididdiga da ke farawa daga tambayoyin rayuwa, kamar tsadar kaya da makarantu da lafiya, kafin a kai ga ƙa'idojin lissafi.

A Afirka, ƙasar Kenya ta ba da misali. Daga 2005 ƙungiyar AMREF da majalisar kula da aikin jinya ta ƙasar suka fara ɗaga darajar ma'aikatan jinya sama da 20,000 daga matakin takardar shaida zuwa difloma, ta hanyar kwamfutocin da aka girka a cibiyoyi, yawancinsu a cikin asibitoci, alhali ma'aikatan na ci gaba da aikinsu. A Nijeriya, Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta fara aiki a 1976 domin horar da malaman makaranta daga nesa. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa an kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, sojoji suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000 zamanin Shugaba Obasanjo. A yau ita da cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suna ba ma'aikatan jinya damar yin digiri. Annobar korona ta 2020 kuma ta tura har makarantun da ba su shirya ba zuwa intanet.

Game da ko karatun nesa na kai na aji, a 1999 Thomas Russell ya tattara rahotanni 355 da suka kwatanta su biyun, waɗanda suka nuna babu wani bambanci na a-zo-a-gani a sakamakon ɗalibai. Masu suka sun ce da yawa daga cikin binciken ba su da ƙwari, kuma akwai tambayar da ba a cika yi ba: cikin waɗanda suka fara, nawa suka kai ƙarshe? Barin karatu a tsakiya tsohon ciwo ne na karatun nesa. Wadda ta kwana tana aiki, ta dawo ta tarar babu wutar lantarki, kuɗin data ya ƙare, ta kuma ci karo da alamomin lissafin da babu mai fassara mata, ita ce ke sulalewa ba tare da kowa ya lura ba.

Abin da ke kan sikeli

Wani zai ce, mene ne na damuwa in ma'aikaciyar jinya ba ta iya ƙididdiga ba, tunda akwai masana? Abubuwa uku da suka faru sun isa amsa.

A 2002 Linda Aiken, wadda ita kanta ma'aikaciyar jinya ce, ta jagoranci bincike a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ta Amurka. Sun gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara a kan nauyin ma'aikaciyar jinya yana tafiya da ƙarin kashi 7 cikin ɗari na haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata a cikin kwana 30. Ma'aikatan jinya sun daɗe suna kukan aiki ya yi musu yawa, ana ɗauka ƙorafi ne kawai. Da kukan ya zama lamba, sai masu tsara kasafin kuɗi suka rasa hanyar kawar da kai.

A ƙasar Holan kuma alƙaluma ne suka ɗaure wata ma'aikaciyar jinya. A 2003 kotu ta yanke wa Lucia de Berk hukuncin ɗaurin rai-da-rai bisa zargin kashe majinyata. Cikin abin da aka gabatar har da lissafin da ke cewa yiwuwar a ce mace-macen sun faɗo a lokacin aikinta bisa katari ɗaya ce cikin miliyan 342. Daga baya masana ƙididdiga, ciki har da Richard Gill, suka nuna cewa an tattara bayanan ne bayan an riga an zarge ta, ta yadda mutuwa takan zama abin tuhuma idan tana bakin aiki, an kuma haɗa lambobin ta hanyar da ba ta halatta ba. Sai a 2010 aka wanke ta, bayan ta shafe shekaru a kurkuku.

Na uku a ƙofar gidanmu yake. A 1996 sanƙarau ya kama mutane sama da 100,000 a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa, ya kashe sama da 11,000. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'aunin gane cewa cutar ta zama annoba a gunduma: mutum 10 cikin kowane 100,000 a mako guda. Wannan ma'auni ba ya aiki sai an sami wanda ya ƙirga daidai a ƙaramin asibiti, ya san yawan al'ummar da yake yi wa hidima, ya kuma gane cewa adadin wannan mako ya fita daga yadda aka saba. A ƙauyuka da yawa babu likita, ma'aikacin jinya ko na lafiyar al'umma ne ido na farko. Makon da aka yi jinkirin kai rahoto, mako ne da allurar rigakafi za ta makara.

Kammalawa

Idan aka haɗa waɗannan labarai, za a ga cewa duk inda koyar da ƙididdiga daga nesa ya yi albarka, akwai wasu sharuɗɗa da suka cika. Nightingale ta koya ne da alƙaluman mutanen da ta rufe wa ido da hannunta, shi ya sa lissafin bai zame mata baƙo ba. Ɗalibar jinya da ke karatu daga nesa tana da irin wannan gata wanda ɗalibin aji ba shi da shi, domin rajistar tana gabanta kullum. Aikin gida da zai ce ta ɗauki haihuwar wata uku a asibitinta, bayan an cire sunaye an kuma nemi izini, ta fitar da matsakaicin nauyin jarirai, ta zana yadda zazzaɓin cizon sauro ke hawa da damina, ya fi mata amfani fiye da misalan jefa kwabo da aka kwafo daga littattafan wasu ƙasashe.

Haka kuma, tun daga Pitman da Farr har zuwa jajin 'Yan Taru da malamin yanki na jami'ar Birtaniya, ba a taɓa rasa mutum mai gyara ba. Jami'ar da ta ɗora bidiyo da tambayoyin zaɓi-ɗaya a intanet ta juya baya, ta koma matsayin mai sayar da littafi. Kuskuren ƙididdiga ba ya ciwo a lokacin da aka yi shi, mai shi yakan tafi da shi cikin gamsuwa har sai wani ya nuna masa, kamar yadda likitocin Landan suka nuna wa Farr. Dole kuma a yi la'akari da halin ɗalibar: darasin da zai buɗu a ƙaramar waya, wanda za a iya saukewa a karanta ba tare da intanet ba, da bayani cikin harshen da take tunani da shi kafin a kai ga alamomi.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko an yi nasara, kuma ba a takardar jarrabawa take ba. Yau alƙaluma na tashi daga asibitin ƙauye su tafi birni, da wuya su dawo wa wadda ta tattara su. Ranar da ma'aikaciyar jinya ta rufe rajistar ƙarshen wata, kafin ta miƙa ta, ta tsaya ta kwatanta da ta watan jiya da ta bara, ta ga masu gudawa sun ninka a unguwa ɗaya, ta tambayi kanta cikin nawa, sannan ta tashi ta je ta duba rijiyar unguwar, ranar ce za a ce darasin ya iso inda aka aike shi.